Neman kalma: ƙarar da ake kai dillalan gidaje

Mai shiri, Gusau: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe huɗu zan gabatar da shiri a rediyo kan amanar dillalan gidaje. A Amurka, idan dillali ya ɓoye aibin gida, mai saye kan kai ƙara ya ce an jefa shi cikin "emotional distress". Na rubuta "ɓacin rai", amma na ji bai kai ba. Ku agaza mini.

Barista: Bai kai ba, ƙanwata, kotu ba ta biyan kuɗi don rai ya ɓaci. A Ingila a 1897, wani Downton ya ce wa matar Wilkinson mijinta ya yi haɗari ya karye ƙafafu biyu, alhali ƙarya ce. Ta kwanta ciwo makonni, kotu ta ba ta diyyar fam 100. Irin wannan ake nufi. Ki ce "cutar da hankali".

Uwar Biyu: Barista, mai sauraro a Kaura Namoda zai ɗauka haukata ta aka yi. "Ciwon zuciya" kuma sai a tura ka asibiti. Me ya hana "ƙuncin rai"?

Malamin Hausa: "Girgizarai". Kalma guda, shekara biyar ina koya wa ɗalibaina ita. Kuma ku bar cewa "diyya", ta jini ce, Larabci ne. Sai yaushe za mu daina aro?

Barista: Allah gafarta Malam, "dillali" ma daga Larabci take, haka "aibi". A littattafan fiƙihu akwai zaɓin mayar da kaya saboda aibi, alƙalan Zamfara sun san shi. Wa zai karɓe musu kalmominsu?

Ɗan Mafara: Mu dai kada a kawo muna Kananci. Abin da munka gada shi ne "tashin hankali".

Malamin Hausa: Da Bature ne ya ƙirƙiro "girgizarai", da tuni kun haddace.

Uwar Biyu: Malam, ba raini ba ne. Ƙanena ya sayi gida, damina ta farko ruwa ya cinye ɗaki biyu, dillali ya sani ya karɓi la'adarsa ya yi shiru. Wata uku ba ya barci. Ba girgiza ya yi ba, ƙunci ya shiga.

Mai shiri, Gusau: Na gode. Zan ce "matsanancin ƙuncin rai", in bar "diyya" yadda take.

Malamin Hausa: Kalma uku a madadin guda. To, ki yi haka gobe, 'yata, amma ban janye tawa ba.