Ƙanina zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Talata, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Wlh tun shekaranjiya ban runtsa ba. Ƙanina ne da yake ajin ƙarshe na difloma a wata kwaleji nan cikin Kaduna, semesta ɗaya ta rage masa, aka kama shi da waya a ɗakin jarabawa kuma da mai sa ido ya buɗe sai ga hotunan handawut ɗin kwas ɗin da ake rubutawa. Shi dai yace bai da kuɗin fotokofi ne ya ɗauki hoton yana karatu da shi, ya manta bai ajiye wayar a jaka ba. Nan take aka bashi fom ya cike ya sa hannu. Yaron nan sati uku ya ja bakinsa ya yi gum, kullum ya shirya ya fita kamar ba komai, sai da na zo wanki na tsinci takarda a aljihun wandonsa an ninke ta kamar laya, ashe ta gayyata ce, wai ya bayyana gaban kwamiti Talata ƙarfe 10.

Baba bai sani ba, ga hawan jini, kuma da ɗan shagonsa na Kasuwar Barci yake lallaɓawa yana biya masa makaranta. Sannan akwai wani da yace yana da hanya a ofishin rajistara, a kawo dubu 150 fayil ɗin zai ɓace. Ina da kuɗin adashi da zan ɗauka wannan watan. In bayar? Ko lauya zamu nema? Kuma korarsa zasu yi gaba ɗaya?

Dan Rigasa: Baiwar Allah kar ki ba kowa ko sisi. Fayil ba ya ɓacewa, rahoton mai sa ido yana wajen jami'in jarabawa yana wajen shugaban sashe, wanne zai sace? Ya cinye kuɗin ya kashe waya, in kuma asiri ya tonu laifi ya zama biyu.

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam ƴata. Na yi aiki a kwaleji har na yi ritaya kuma na zauna a irin wannan kwamitin, bari in gaya miki yadda abin yake. Kwamiti ba shi ke kora ba, sauraro yake ya rubuta shawara, hukumar karatu ta makarantar ce ke yanke hukunci sai rajistara ya aiko da takarda. Hukuncin kuma hawa hawa ne, akwai gargaɗi, akwai soke sakamakon kwas ɗin, akwai dakatarwa semesta ɗaya ko biyu, sai kora. Ki sa ya nemo littafin dokokin ɗalibai da aka basu lokacin rajista, yawanci a ƙasan katifa suke jefar da shi ba sa ko buɗewa, a nan zaki ga me makarantarsu ta tanada, domin wasu sun raba tsakanin wanda aka samu da waya da wanda aka kama yana kwafa, wasu kuwa shiga da ita kaɗai ya isa. Ya je da wuri, ya yi shigar mutunci, kar ya kuskura ya ƙi zuwa don ko ba ya nan za a yanke. Kuma abin da ya rubuta a fom ranar farko shi za a ajiye gabansa, in ya sauya magana ya kashe kansa. Na ga yaron da laifinsa bai taka kara ya karya ba amma ya tsaya yana rantsuwa wai mai sa ido ne ya tsane shi, aka kira ɗaliban da suka zauna kusa da shi, shikenan. Tambaya ɗaya, a ina aka samu wayar, aljihu ko wani wuri?

Maman Iman: Ni dai maganar Baba ce ta dame ni. Gara ya ji daga bakinku da ya ji a bakin ƴan kasuwa. Ki samu kawunku ko wani amininsa su zauna da shi bayan isha'i ya sha maganinsa.

Gaskiya Ɗaci: Ku daina lallashi dan Allah, wa ke mantawa da waya a jarabawa? A ƙofa ake ta shelar a ajiye. Irinsu ne gobe su zama ma'aikatan asibiti su kashe mutane. A hukunta shi ya ji a jikinsa.

Maman Iman: Haba malam, shawara ta nema ba ta ce bai yi laifi ba.

Lauyan Gida: Ta ɓangaren doka, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bashi haƙƙin a saurare shi, a faɗa masa abin da ake tuhumarsa ya kare kansa. A 1986 kotun ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba, har yau da wannan shari'ar muke kafa hujja. Amma fa shi naku an gayyace shi ya zo ya kare kansa. Kuma ku sani akwai dokar maguɗin jarabawa ta 1999 da ta tanadi ɗauri har shekara 3, makarantu ne dai galibi ke gama abin a cikin gida. Sbd haka ban ga amfanin zuwa da barazanar kotu ranar Talata ba, tunzura su kawai zaku yi. In hukunci ya fito ya yi tsauri sai ya rubuta ƙorafi zuwa majalisar gudanarwa ta makarantar, ku duba wa'adin a littafin nan kar ya wuce. Ki ɗauki hoton kowace takarda ki ajiye.

Abban Sadik: Ni an taɓa dakatar dani semesta biyu, ƴar takarda aka kama a hannun rigata. Na amsa laifina, na tafi Panteka na koyi walda kafin in koma, abokaina na bautar ƙasa ni ina aji da ƙannena, kunya kam na sha ta amma na karɓi satifiket ɗina. Ki kula da shi kwanakin nan, kar ku yi ta masa gori, lokacin ni ko abinci bana iya ci.

Mai tambaya: Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na fasa ba mutumin kuɗin, tun ɗazu yake kira ban ɗauka ba. Kawu zai zo gobe ya yi wa Baba magana. Littafin mun samo shi a cikin kwalin takalma amma shafukan ƙarshe sun yage, ya tafi Kawo ya aro na abokinsa. Malam na tambaye shi inda aka samu wayar, ya daɗe yana kallon ƙasa kafin yace a cikin safa ne.

Malam na Tudun Wada: To fa. Maganar mantuwa ya barta a gida kenan, mai sa ido ya riga ya rubuta safa a rahotonsa. Ki ce ya zauna daren nan ya rubuta takardar neman sassauci da hannunsa, gajera, ya amsa, ya ambaci cewa karon farko ne in har hakan ne, ya haɗa da sakamakonsa na semestocin baya. In ya gama ki turo min ta wajen admin in duba masa kafin Litinin.