Neman shawara: haruffa masu kaurin dunduniya, a karkace, don allon shago

Mai tambaya, daga Tawa:
Assalamu alaikum, manyanmu a sana'a. An ba ni aikin allon wani shagon kilishi da cuku, mita 3 a tsawo, santimita 80 a faɗi, haɗe da ƙananan otokolan na santimita 5 da za a manna a leda. Hajiya mai shagon tana son haruffan nan masu kaurin dunduniya, wato ɗan layin da ke ƙarshen sandar harafi, da ake kira slab serif, kuma a karkace. Na ɗauki polis, wato salon haruffa, mai suna Roboto Slab mai kauri, na danna I, maɓallin italik mai karkatar da rubutu, sai haruffan suka fito kamar an hankaɗe su. Da na tura wa masu bugawa a Yamai, gwajin da suka maido min ya zo da wani rubutu dabam, ƙ da ke cikin sunan shagon kuma ta koma akwati. Ina na kuskure?

Amsa ta farko, daga mai zanen tambari a Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Roboto Slab ba ta da italik kwata-kwata. Da ka danna I, na'ura ce ta tura miƙaƙƙun haruffa gefe da ƙarfi. Dubi o da e da kyau: kusurwa biyu sun kumbura, biyu sun rame. A siririn rubutu ido kan yafe wannan, amma a mai kauri mai faffaɗar dunduniya aibin a fili yake. Italik na gaskiya zana shi ake yi harafi bayan harafi, a daidaita kaurin lanƙwasa, sau da yawa ma a canza siffar a da f.

Nemi polis wadda ke da fishiye, wato fayil, na kanta mai suna Bold Italic, mai kauri a karkace. Zilla Slab, wadda aka yi wa Mozilla a 2017, tana da shi. Haka Arvo da Bitter, dukansu kyauta a Google Fonts, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su. Rockwell ta kamfanin Monotype, ta 1934, ita ma tana da shi. A ganina Bitter ta fi dacewa da abinci, Rockwell ta fi kama da allon gareji ko shagon siminti.

Amsa ta biyu, daga ma'aikaciyar gidan ɗab'i:
Ɗan'uwa, tun kafin wata polis ta burge ka, rubuta mata wannan layi: ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ é è ç. Gwada shi a cikin Bold Italic ɗin kansa, don wani lokaci miƙaƙƙen yana da haruffan, karkataccen babu. Idan harafi ɗaya ya fito siriri ko a tsaye, aro aka yi daga wata polis. Wadda ba ta ba da kunya a nan ita ce Charis SIL: ƙugiyoyinmu duka suna ciki, tana da Bold Italic, kuma dunduniyarta na da kauri, ko da bai kai na Rockwell ba. In kuwa Hajiya ta kafe kan wadda ba ta da ƙ, ɗauki k, ka yanko kan f na polis ɗin, ka haɗa su da Souder, umarnin da ke manne zane biyu su zama ɗaya, a manhajar zane ta CorelDRAW. Kaurin ƙugiyar ya yi daidai da sandar harafin.

Batun Yamai kuma, ba su da polis ɗinka a ordinatarsu, shi ya sa ta sauya. Maida rubutun ya zama zane kafin ka aika: Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator, sai ka fitar da PDF a CMYK, tsarin launin masu bugawa. Ajiye kwafin da ba ka maida ba, domin bayan haka ba a iya gyara ko harafi ɗaya.

Amsa ta uku, daga dattijo mai rubutun alluna:
Abin da suka faɗa daidai ne, amma yaro, kada ka karkatar da komai. Tun da Vincent Figgins ya fito da irin wannan rubutu a Landan a 1815, don talla aka yi shi, a hango daga nesa. Sunan shago kaɗai ya isa. Lambar waya da jerin kaya a bar su a miƙe, da rubutu marar dunduniya.

Ma'aunin da muke bi: kowane mita 3 na nisa, santimita 2 da rabi na tsayin harafi. Mai wucewa a kan kabu-kabu daga mita 30 yana buƙatar santimita 25. Buɗe tsakanin haruffa kaɗan, saboda dunduniyar r da n in suka haɗu sai a karanta m. Babban baƙi a farkon kalma kawai. Manya zalla a karkace suna gajiyar da ido. Ja ne ke saurin koɗewa a ranar Tawa, ƙurar hunturu kuma ta dusashe fari, don haka baƙi a kan rawaya ya fi jurewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba. To otokolan ɗin fa, in bar shi da kauri ɗaya da na allo?

Ma'aikaciyar gidan ɗab'i:
A'a. A santimita 5, cikin haruffan a da e yakan toshe da tawada. Sauko zuwa SemiBold Italic, mai matsakaicin kauri, Zilla Slab da Bitter duk suna da shi, ka ƙara tazara. Buga guda ɗaya a ainihin girmansa, manna a ledar kilishin, ka riƙe ta nesa da tsawon hannu. Idan ƙugiyar ƙ ba ta fito ba, ƙara girman sunan ka rage sauran bayanin.