Titanic ne ya nutse, ko yayansa Olympic?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kalli wani bidiyo a TikTok da ya hana ni barci. Wai jirgin da ya nutse a 1912 ba Titanic ba ne, yayansa Olympic ne aka sauya wa suna. A 1911 Olympic ya yi karo da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Hawke, ya nakasa, aka kuma ɗora masa laifin karon. Shi ne wai kamfanin White Star, mai jiragen biyu, ya musanya su, ya nutsar da gurgun da gangan don ya ci kuɗin inshorar sabon. Ni dai na ce da walakin, goro a miya.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Nura, kai da bidiyon tsakar dare! Wancan makon dalar Masar ce, yau kuma teku.

Malam Ado: A bar yaro ya yi tambaya, Hajiya. Karon gaskiya ne, ranar 20 ga Satumba 1911, ba nisa da Southampton. Kyaftin ɗin ma Edward Smith ne, wanda daga baya ya mutu a Titanic. Aka mayar da Olympic Belfast gyara, aka janye ma'aikata daga kan Titanic, har tafiyarsa ta farko ta tashi daga 20 ga Maris zuwa 10 ga Afrilu. Gaskiyar bidiyon a nan ta tsaya. Yanzu ɗauko biro. Ƙera Titanic ya ci kusan fam miliyan ɗaya da rabi, inshorarsa kuwa fam miliyan ɗaya ce. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙona rumfarsa don a biya shi abin da bai kai jarinsa ba?

Nura: Allah gafarta Malam, to attajirin nan na Amurka, J.P. Morgan, fa? Shi ne uban tafiyar kamfanin, an shirya zai hau, ya fasa dab da tashi. Ruwa ba ya tsami banza.

Kawu Bala: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara talatin ina ƙarƙashin mota. Fenti da lambar waje kowa na iya sauyawa, wanda aka sayar wa motar sata ya san haka. Mu idan muna shakka lambar inji muke dubawa. Jirgin nan ba shi da irinta ne?

Malam Ado: Yauwa Kawu, ka zo wurin. A ma'aikatar Harland and Wolff ta Belfast, wadda ta ƙera su, kowane jirgi da lambarsa: Olympic 400, Titanic 401, kuma ana buga ta a jikin kayayyakinsa. A 1985 su Robert Ballard suka gano gawar jirgin a ƙasan Tekun Atilantika, zurfin mita 3,800. Masu bincike da suka biyo baya sun ɗauko hoton farfelarsa, ga 401 ɓaro-ɓaro.

Nura: Nan nake jiran ka Malam 😄 Mai bidiyon ya ce kayan Titanic aka ara aka gyara Olympic da su. Ka ga dole a ga 401.

Malam Ado: An ara, ban musa ba. Sandar da ke juya farfela aka ɗauko daga Titanic don gyaran ya yi sauri. To amma juya maganar. In musanyar gaskiya ce, jirgin da ya ci gaba da aiki da sunan Olympic ya kamata a same shi cike da 401. Da aka yi masa ritaya a 1935 aka farfasa shi, an yi gwanjon katakon adonsa, wani otel a garin Alnwick na Ingila ya sayi wasu, suna nan har gobe. Katakon da aka cire daga jirgin nan 400 ne a bayansa. Sannan ba tagwaye ba ne sak. A Titanic an rufe rabin gaba na barandar bene ta sama da tagogi, ta Olympic a buɗe take, kuma wanda ke kwance a ƙasan teku rufaffiyar baranda gare shi.

Anti Rabi: Ni abin da ya fi ba ni dariya, dubban leburori ne ke aiki a wurin nan, maƙera, kafintoci, masu fenti. A ce duk sun ga an musanya jirage biyu masu tsawon mita 269, ba wanda ya faɗa wa matarsa? Bikin mutum hamsin ma ba ya ɓoyuwa a unguwarmu.

Kawu Bala: Hajiya kin gama magana 😂

Malam Ado: Kuma Thomas Andrews, wanda ya jagoranci zanen jirgin, yana ciki ya mutu. Shugaban White Star, Bruce Ismay, shi ma yana ciki, da ƙyar ya tsira, ya ƙare rayuwarsa ana zaginsa. Shi kuwa "gurgun" naka, Nura, shekara 24 ya yi yana ratsa teku. Ya yi jigilar sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1918 ma ya banke jirgin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi.

Halima: Ku yi haƙuri in sa baki. In abin fushi ake nema, ga shi a fili: mutum sama da 2,200 a jirgi, kwale-kwalen ceto 20 kacal, masu ɗaukar mutum 1,178, kuma doka ba ta ce sun yi laifi ba, don 16 ta wajabta. Wasu ma an sauke su da sauran wuri. Mutum wajen 1,500 suka tafi a daren. Kuma muna ta Titanic, wa ke tuna jirgin ruwan Joola na Senegal da ya kife a gaɓar Gambiya a 2002? Mutum sama da 1,800, sun fi na Titanic yawa.

Anti Rabi: Innalillahi. Wallahi ban taɓa jin sunansa ba.

Nura: Maganar katako ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma Morgan fa, har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.

Malam Ado: Yana Faransa a lokacin, kuma ba shi kaɗai ya fasa tafiyar ba. Kai kanka ranar Lahadi ka ce za ka zo ɗaurin auren Musa ba ka zo ba, taya ta fashe mana a hanya. Mu ce kai ka dasa ƙusar?

Nura: Haba Malam 😅 Bari dai in nemo hoton barandar nan in gani da idona. Anti Halima, turo mana labarin Joola ɗin.