Umra da ayari, sannan in wuce Masar ni kaɗai: yaya zan tsara?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Daga Gombe nake. Zan bi ayarin kamfani zuwa Umra, idan an kammala in wuce Alƙahira ni kaɗai. Me ya kamata in kiyaye?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Tikiti ne babbar matsala. Na ayari a dunƙule ake sayensa, canza ranar mutum ɗaya yana da wuya, wani lokaci ba ya yiwuwa. Ka ce kamfanin ya cire kuɗin jirgi, ka biya biza, masauki da mota kawai, ka sayi naka: Kano zuwa Jidda, Jidda zuwa Alƙahira, sannan gida. Kada ka tsallake zango ko ɗaya, domin da zarar ba ka hau ba, sauran tikitin ya soke. A rubuta yarjejeniyar, saboda kamfanin ne ke da alhakin fitarka daga Saudiyya.

Hajiya daga Pantami:
Ɗana, ka fara da ayarin, ka yi daidai. Amma bizar Masar daban ce, ka nema tun kana Najeriya. Fasfo ya rage aƙalla wata 6, ka riƙe katin rigakafin shawara. Kuma fasfonka ya dawo hannunka kafin ayari ya tashi daga Saudiyya, ana yawan mantawa da wannan!

Alhaji Bolari:
Ka rage kaya. Tsaraba da dabino ka ba amintacce cikin ayari, ka gwada katin bankinka tun a Makka. Allah ya kai ka lafiya.