Wai Abuja Daji Ce Kafin 1976?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jiya na fita da surukina da ya zo daga Kano, muka yi Juma'a a Masallacin Ƙasa, muka zaga Millennium Park da tafkin Jabi, amma da muka koma gida Kubwa sai ya ce siminti kawai ya gani, wai garin da aka sare daji aka gina ba shi da tarihi. Maganar ta tsaya mini a rai. Ina zan kai shi gobe?

Ɗan Suleja: Malam, wane daji kuma? Abuja ta asali garinmu ce, wadda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828. Bayan dokar Janar Murtala ta 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya aka ɗauke sunan, mu kuma muka zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Malama 'Yar Kwali: Kafin Abu Ja ya iso, kakanninmu suna noman doya a wannan ƙasa, kuma duk mai shakka ya juya takardar naira 20, zai ga Ladi Kwali zaune tana ginin tukunya.

Ɗan Suleja: Malama, ai a cibiyar tukwanen garinmu, wurin Bature Michael Cardew, wannan Bagwariyar ta yi suna.

Malama 'Yar Kwali: Gbagyi muke, ɗan'uwa, kuma na sha yi maka wannan gyaran.

Alhaji Na Wuse: Tun muna yara Gwari muke ji, har unguwar Gwarinpa ga ta nan, ba wanda ya taɓa cewa zagi ne.

Malama 'Yar Kwali: Alhaji, wanda ake kira shi ne ya san sunan da ke yi masa ciwo.

Baban Ummi: Jama'a, ba ni na ce daji ba. Ko in kai shi Dutsen Zuma?

Ɗan Suleja: Ka kai shi, amma ka faɗa masa cewa a jihar Neja yake, kusa da Madalla, ba a Abujarku ba.

Shugaban Zaure: Zan rufe maganar nan. A taƙaice, kowa ya yarda cewa tarihin Abuja daga Suleja ya faro, kuma ba don mahaifiyata 'yar can ce na faɗa ba. Batun suna kuwa, Malama ta yi haƙuri, ba shi ya tara mu ba.