Akwatin Mozart mai faifai 200 ko mai 170? Ku ba ni shawara

Mai_Piyano: Salam jama'a. Shekara biyu kenan ina koyon piyano a nan Jamus, Mozart ya shiga raina har ina so in mallaki duk abin da ya rubuta. Biyu na gani, Mozart 225 da Decca da Deutsche Grammophon suka fitar a 2016 mai CD 200, sai na Brilliant Classics mai 170 da ya fi sauƙin kuɗi. Ni sonata (kiɗan piyano shi kaɗai) da concerto (piyano tare da ƙungiyar makaɗa) ne a gabana. Tsadar ta biya kuwa?

Ɗan_Leipzig: Bach 333 za ka saya malam, akwatin kiɗan Bach, wani mawallafin kiɗa na daban, faifai 222, shi ne uban kowa.

Yaya_Babba: Ƙanina ka yi hattara da na hannu. Wata bakwai ina tara kuɗi na sayi 225 ɗin wurin wani a intanet, yuro 350, ya rantse min komai cif, kaya suka iso kwalin a jiƙe littattafan ciki sun manne da juna, na zauna a ƙasa ina ƙirga fayafayan ɗaya bayan ɗaya har sau uku, 189 maimakon 200. Har da Requiem babu, kiɗan addu'ar mamata wanda Mozart ya mutu a 1791 bai gama ba, kuma don shi na saya. Mutumin ya toshe lambata. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Hajjo: 350? Ni 200 na gani.

Yaya_Babba: Hajiya gani daban, saye daban.

Ɗan_Leipzig: Yanzu 500 ma sai an dace, ƙayyadadden bugu ne.

Hajjo: Kai da ba ka taɓa riƙe akwatin ba me ka sani? Ni na Brilliant gare ni, sonata ɗin ba laifi. Amma 225 na da wasu ayyukan sau biyu, da piyanon yau da kuma fortepiano irin na zamaninsa, mai koyo zai amfana.

Sarkin_Zolaya: Awa 240 fa a 225 ɗin, kwana goma ba barci. Madam ta amince? 😂

Mai_Piyano: Yaya, wanda suka iso lafiya fa, ya sautinsu?

Yaya_Babba: Da me zan ji? Sabuwar laftof ɗina ko ramin CD babu, motar ma haka.

Hajjo: Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kenan, sun cire ramin don mu riƙa biyan kuɗin sauraron kiɗa a intanet wata-wata, ranar da ka kasa biya ko waƙa ɗaya ba taka ba ce. Wa ya san inda ake gyaran tsohuwar na'urar CD? Tawa tirenta ya daina fitowa.