Saba'in da huɗu biyu a mararraba ɗaya

Direban Tirela: Jama'a ku taya ni jin takaici. Jiya da asuba na ɗauko kaya daga Wilmington zan kai Charlotte, a jihar Karolina ta Arewa, nan Amurka. Ina kan hanya mai lamba 74 abina. Wajen Rockingham sai ga alluna biyu, wannan 74, wancan ma 74: ɗaya fari da baƙin rubutu, wato US 74 ta tsohon tsarin manyan hanyoyin ƙasa, ɗaya shuɗi mai jan kai, wato I-74 ta Interstate, sabon tsarin manyan titunan da ke ratsa jihohi. Ido da barci, na bi shuɗin. Sai da na ga sunan Asheboro na gane arewa nake ta zubawa. Ga tirela ba ko'ina ake juya ta ba. Lokaci ya tafi, dizal ya tafi. A Kalifoniya ba a wannan shirmen. Tun 1964, da Interstate ta ƙwace lambobi, suka sauya na jiha: hanya mai lamba 5 da ke bin duwatsun kudu da San Francisco ta koma 35, mai lamba 8 ta koma 26. Lamba ɗaya, hanya ɗaya, shi ke nan.

Ɗan Fagge: Ƙwace? Yaya, wa ya ƙwace wa wa? Majalisar jihar ce da hannunta ta yi dokar. Wanda ya miƙa abu da kansa ai ba a ce an yi masa ƙwace.

Baban Amira: Da hannunta ina! Dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, gwamnatin tarayya ke biyan kashi 90 na kuɗin gina Interstate. Mai ba ka kashi 90 ya ce yana son lamba 5, ka isa ka hana? Ƙwace ne cikin ladabi.

Ɗan Fagge: To a Hausar ina ake ƙwace cikin ladabi? Wannan karɓa sunansa.

Baban Amira: Hausar Zazzau. Ku Kanawa kasuwa kawai kuka iya.

Maman Hanan: Ikon Allah, mutum ya ɓata a hanya, ku kuna faɗan ƙamus. Sannu Malam Direba, Allah ya tsare gaba.

Alhajin Houston: Ni yabon Kalifoniyar ne bai kwanta min ba. Ku je wajen garin Hayward can Kalifoniyar ku ga I-238. Ƙa'ida ita ce hanya mai alƙaluma uku ta zama reshen mai alƙaluma biyun ƙarshenta, kamar 580 da 80. To ina I-38? Babu ita a duniya. Tsabar gudun maimaita lamba ne ya sa suka haifi ɗa babu uba. Mu a Texas muna da I-69, muna da US 69, ba wanda ya mutu.

Direban Tirela: Alhaji, da ƙaramar mota kake yawo. Hau tirela ka zo mu yi magana.

Alhajin Houston: Ina kan babbar mota tun kana firamare, yaro.

Ɗan Fagge: Su ma masu tsarin ai sun san matsalar. Shi ya sa suka juya lissafin: ƙananan lambobin US suna gabas kamar US 1, na Interstate suna yamma kamar I-5, kuma da gangan suka tsallake I-50 da I-60 don kar su haɗu da US 50 da US 60. Kun ga babu zancen ƙwace.

Baban Amira: Ka dawo kan ƙwacen ke nan? To US 40 da US 80 da aka share su ɗungurungum daga Kalifoniya aka bar I-40 da I-80, sadaka aka bayar da su?

Maman Hanan: Mu dai hanyar Kaduna zuwa Kano A2 ce a takarda, ban taɓa jin ɗan kamasho ya kira ta haka ba.

Alhajin Houston: Ku 'yan Kalifoniya, ku faɗi nawa kuke biyan hayar ɗaki a Oakland tukuna.

Admin (Oakland): To jama'a, zan rufe nan. Abin da aka tsayar: kowa ya yarda tsarin Kalifoniya ya fi, Direba na da gaskiya, kuma mutanen Texas ba su kawo hujja ko ɗaya ba sai zancen haya. Batun I-238 kuwa, 'yar guntuwar hanya ce da ba ta kai mil uku ba, ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Alhaji, a janye kalmar "yaro".

Alhajin Houston: Wane "kowa"? Yaushe aka ƙirga?

Ɗan Fagge: Admin, ba ka yanke hukunci kan "ƙwace" ba fa.